Tambayi Na'urar Sunanta Tukuna

Ɗana, labari ya iso mini cewa kwana biyu ke nan kana kokawa da tsohuwar kwamfutar shagonka, wadda ka ɗora wa Debian. Wai ka buga umarnin da ka kwafo, ta ce ba ta san wlan0 ba, har ka fara neman wanda zai tafi Yamai ya sayo maka sabon katin wifi. Riƙe kuɗinka. Ina kyautata zaton katin lafiyarsa lau, sunan da kake kiransa da shi ne ba nasa ba.

A da, Linux kan raɗa suna ne kamar layin rijiya: katin da ya riga farkawa shi ne wlan0, mai bi masa wlan1. In kati ɗaya ne, ba damuwa. In biyu ne, yau wannan ya riga, gobe wancan, sai saitinka ya faɗa kan wanda ba shi ba. Shi ya sa a farkon 2013 systemd, a fitowarta ta 197, ta kawo sabon tsari. Ubuntu ta karɓa a 2015, Debian a fitowarta ta 9, cikin 2017. Umarnin da ke hannunka ya girmi wannan canji.

Ka san kasuwar dabbobi ta Agadas. Raƙumi ana gane shi ko ta turken da aka ɗaure shi, ko ta alamar wutar da ke jikinsa. To, in ka ga wlp2s0, turke ne: wl na nufin marar waya, p2s0 kuma layi na 2, gurbi na 0 a kan allon kwamfutar. In ka ga wlx da jerin haruffa da lambobi 12, wannan alamar wuta ce, wato adireshin MAC da katin ya fito da shi daga masana'anta. Haka Debian da Ubuntu kan kira ƙananan nan da ake sokawa a USB. Kowanne da lagonsa. Ka ƙara wani kati a cikin akwatin, wlp2s0 na iya komawa wlp3s0. Ka musanya na USB da wani, sunan ya tafi da tsohon.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, buga ip link, ko iw dev. Sunan da ta nuna maka, shi za ka sa a inda aka rubuta wlan0. Sau tari maganar a nan take ƙarewa.

In ko babu wani suna mai farawa da wl, ba rikicin suna ba ne. Duba lspci ko lsusb, ka ga ko ta ma san da katin. Ƙurar hunturun garin nan ta sha toshe mini ramin USB. In ta gan shi, karanta dmesg, galibi za ka tarar tana kukan rashin firmware, domin kafin Debian 12 ta 2023 faifan girkawa na hukuma ba ya zuwa da irin na kamfanoni. In kuwa sunan na nan amma shiru, rfkill list zai gaya maka ko maɓalli ne ya kashe shi.

Na san za ka ce tsohon sunan ya fi daɗin baki. Ana iya dawo da shi: a sa net.ifnames=0 cikin /etc/default/grub, a buga update-grub, a sake kunnawa. Ni dai ban cika so ba, sai ga mai kati ɗaya. Na fi son ka rubuta ɗan fayil mai ƙarewa da .link a /etc/systemd/network, ka ɗaure adireshin MAC da sunan da ka zaɓa, ko da "shago" ne. Kada ya wuce haruffa 15, kada kuma ya zama wlan0, don kar ku yi karo da tsarin. Sannan ka bi duk fayil ɗin da ke ɗauke da tsohon suna ka gyara, musamman /etc/network/interfaces.

Kuma ka yi wannan kana zaune gaban kwamfutar. Na taɓa canza wa ta wani ofishi a Arlit suna daga nan gida, ta intanet. Ta sake tashi ba ta san hanyar dawowa gare ni ba. Washegari da asuba ina tasha, tafiyar fiye da kilomita 200, saboda layi ɗaya da na manta ban gyara ba.

Ka gaida mahaifiyarka. In ka buga ip link, aiko mini da abin da ta ce.