Malamai Biyu a Aji Ɗaya: Daidaiton Matsayi Tsakanin Alaramma da Malamin Boko a Birnin Kebbi da Argungu

1.0 Gabatarwa

Tun bayan kafa dokar ilimin bai-ɗaya a 2004, da buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi da ke Sakkwato a watan Afrilun 2012, haɗa karatun allo da na boko ya ƙara samun gindin zama a garuruwan Arewa, har da Birnin Kebbi da Argungu. Akan yi ta magana kan manhaja da gine-gine, a bar batun mutane biyun da aka damƙa wa yaran, wato alaramma da malamin boko. Wannan maƙala ta dubi matsayin kowannensu a gaban ɗalibai.

2.0 Tushen Matsalar

A 1995 wasu masana biyu 'yan Amurka, Lynne Cook da Marilyn Friend, sun fayyace hanyoyin da malamai biyu kan bi su koyar a aji ɗaya, tun daga wadda ɗaya ke ba da darasi ɗayan yana zagayawa yana taimakawa, har zuwa wadda suke karɓa-karɓa a darasi guda. Sun yi gargaɗin cewa idan hanyar farko ta zama jiki, ɗalibai kan ɗauki na biyun a matsayin ɗan taya aiki. Sai dai malaman da suke magana a kansu duk daga tsarin ilimi ɗaya suka fito. A Kebbi ba haka abin yake ba.

A idon hukuma, malamin boko ne malami. Shi ke da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, shi ke da rajista da hukumar TRCN, sunansa ne kuma a takardar albashi. A idon iyaye kuwa, alaramma ne malami, domin shi aka kai wa yaron hannu da hannu, kuma albarkarsa ake nema. Kowanne babba ne a wata fada, ƙarami a wata.

Su ma yaran da nasu ma'aunin suke zuwa. Makarantar allo tana da matakai sanannu: kolo, titibiri, gardi, sannan malam. Yaron da ya tashi a cikinta, da zarar ya ga manya biyu a gabansa sai ya nemi sanin wane ne malam, wane ne gardi. Wanda ya yanke hukunci ne gardi, ba zai ƙara ɗaukar maganarsa da nauyi ba, ko da digiri nawa gare shi.

3.0 Inda Ake Gane Daidaito

Gaisuwa da fara'a tsakanin malaman biyu abu ne mai kyau, amma ba a nan ake auna matsayi ba. A jadawali ake aunawa. Makon allo yana farawa ne ranar Asabar, a huta Alhamis da Juma'a. Makon boko kuwa daga Litinin ne zuwa Juma'a. Duk makon da aka bi ba tare da shawara da ɗaya ɓangaren ba, an riga an shaida wa yara mai gida da baƙo. Haka idan aka ba wa lissafi da Turanci sanyin safiya kullum, aka tura hadda bayan azahar lokacin da zafin kwarin Rima ya gama galabaitar da yara.

Sai takardar sakamako. Idan makin hadda ba ya shiga jimillar da ke kai yaro aji na gaba, alaramma ya zama ɗan rakiya. Idan kuma shi kaɗai ke da ikon horo da ganawa da iyaye, malamin boko ne ya koma ɗan haya. Ya kamata sunayensu biyu da sa hannunsu su fito a takardar, su kuma zauna tare ranar da iyaye suka zo.

Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda ke yaye malaman NCE, tana da rawar takawa. Ɗalibanta sun riga sun ɗanɗana zama na biyu a ajin wani lokacin gwajin koyarwa. Da za a riƙa tura wasunsu irin waɗannan makarantu su tsara darasin mako guda tare da alaramma, a kuma saka ra'ayinsa cikin makin da za a ba su, da sun fito sun san yadda ake raba aji da wanda allo da tawada ne shaidarsa.