Wasan Zobe da Waya: Aikin Hannu Don Yaranmu

A ƙauyuka da yawa na Birnin Gwari yara sun daɗe ba makaranta, saboda 'yan bindigar da suka fake a dajin Kamuku. Bayan sulhun ƙarshen 2024 kasuwar shanu ta sake ci, amma yaron da ya jima a gida ba ya kama karatu dare ɗaya. Hannunsa kuwa bai manta ba. Wanda ya iya motar kara zai iya abin da ya fi ta.

Ga wani wasa da malaman makarantar Lahadi za su iya haɗawa da yara. A nemo matacciyar rediyo mai kaset, a ciro ɗan injin da ke juya kaset ɗin. Sai batir, katako, ƙusa biyu, gwangwanin madara da waya mai kauri wadda aka feɗe robarta.

A kafa ƙusoshin a katako, a ɗaura wayar tsakaninsu, a lanƙwasa ta kamar tafiyar maciji. A zura mata zoben waya mai mariƙi. Wata waya ta tashi daga zoben zuwa batir, daga batir zuwa injin, daga injin zuwa ƙusa ɗaya. A manna guntun roba a bakin injin yadda zai riƙa bugun gwangwanin.

Yaro zai bi da zoben daga ƙusa zuwa ƙusa ba tare da ya taɓa wayar ba. Da ya taɓa, wuta ta sami hanyar zagayawa, injin ya tashi, gwangwani ya tona masa asiri. A nan darasin yake. Kada malam ya yi saurin bayani. A bar su su gano da kansu abin da ya sa injin ke shiru sai an taɓa. Kowane batir volt 1.5 ne, idan biyu ba su tayar da injin ba, a jera huɗu, kai da gindi. Su juya batir ɗin su ga ko injin zai koma baya. 'Yan mata ma su riƙe filaya, ba kallo kawai ba.

A Malawi, yunwar 2001 ta fitar da William Kamkwamba daga makaranta. Da tarkacen keke ya haɗa injin iska da ya ba gidansu wuta.

Iyaye, a kula da abu biyu. Kada a kusanci wutar NEPA ko batirin mota, kuma a ɓoye ƙananan batir masu kama da maɓalli, domin haɗiye su na iya kashe jariri. Na biyu, kada a sa kuɗi a wasan, ko naira 10, don kada ya zama caca. Wanda ya ci, shi zai lanƙwasa wayar zagaye na gaba.