Wasiƙa ga matasa masu koyon Turanci: 'yar kalmar nan "can"

'Yan makaranta da masu neman aiki,

Akwai wata kalmar Turanci mai harafi uku da kowane ɗan firamare yake ganin ya gama da ita, amma har gobe tana ba ɗalibai kunya a takardar WAEC da NECO. Ita ce "can", wadda Barack Obama ya sa a taken kamfe ɗinsa na zaɓen Amurka a 2008.

Babbar ma'anarta iyawa. Sai dai a nan Bahaushe ya fi Bature hutu: ya ce wane ya iya mota, wance ta iya tuwo, magana ta cika. A Turanci dole aikatau ya biyo baya, a ce "he can drive". Ba a sa "to" bayanta, ba a liƙa mata "s" ko da mutum ɗaya ake nufi, kuma ba ta zama bayan "will". Mai son cewa zai iya abu nan gaba sai ya ɗauko "will be able to". Wasu 'yan boko kan haɗa biyun don burgewa, su ce "I can be able to", alhali hula biyu ce a kai ɗaya.

Tana kuma neman izini. Yaro ya ɗaga hannu a aji ya ce "Can I go out?", malam ya harare shi, ya ce sai dai "May I". Malam yana da gaskiya in wasiƙar hukuma ake rubutawa, amma mutanen Landan da "can" suke neman izini safe da yamma, ba mai ce musu kanzil.

A tsohon Turanci siffarta "cunnan", ma'anarta sanin abu. Masu ɗaukar ma'aikata kamar da wannan tsohuwar ma'ana suke karanta ta. Matashin da ya rubuta a takardar neman aiki cewa ya iya kwamfuta, kada ya yi mamaki in an ja masa kujera, an buɗe masa Excel, an ce ya tara kuɗin cinikin wata guda. Gara tun a gida ya jera abin da hannunsa ya saba da shi: buga wasiƙa, tura imel, shigar da lissafi. Wanda yake kan koyo kuma, ya rubuta cewa yana koyo, ya faɗi inda ya kai.