Yadda Ake Koya wa 'Yan Firamare Tsira Daga Ambaliya

Malami ya cika allo da girgizar ƙasa da aman wutar dutse, yara su kwafa, a yi jarrabawa, wai an koyar da bala'o'i. Ina ruwan yaron Haɗeja da aman wutar dutse? Abin da ke cin garuruwanmu ruwa ne. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri. A irin wannan dare haddar ma'anar ambaliya ba ta fid da yaro, sai sanin inda tudu yake.

Na ɗaya, lokaci. A yi darasin a zango na uku, Mayu zuwa Yuni. Ruwa ya fi ɓarna a Agusta da Satumba, lokacin yawanci yara na hutu, ba malami kusa. Abin da bai zauna a kansu kafin hutu ba ya wuce.

Na biyu, a sanar da hedimasta da mai unguwa da iyaye.

Na uku, taswira. Yaran aji huɗu zuwa shida su zana unguwarsu: gida, kwalbati, kududdufi, rafi, da inda ruwa ke kwanciya. Sun fi ka sanin wuraren, can suke wasa. Ku zaɓi tudu guda, dattijo ya tabbatar ruwa bai taɓa hawansa ba.

Na huɗu, atisaye, kuma nan aikin yake. Sayi usur na roba irin na alƙalin wasa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na ƙarfe tsatsa yake yi. Kada a yi amfani da ƙararrawar makaranta, don yaro na jin ta zai ɗauka an tashi, ya nufi gida. Busa uku a jere na nufin a bar jaka, a fito.

Da zarar an busa, yayye za su ruga ajin ƙannensu, layi ya watse, ƙofa ta cushe. Tsawa ba ta hana wannan, don a gida an ce musu “ka kula da ƙaninka.” Maganinsa tun kafin ranar a haɗa kowane babba da ƙaraminsa, ɗan aji shida da ɗan aji ɗaya, 'yan gida ɗaya tare. Ƙanana su fito su tsaya jikin bangon ajinsu, manya su bi su kama hannunsu. Yaro mai sanda ko mai keke a ba shi manya biyu.

A taka har tudun da ƙafa, ta hanyar da ba ta tsallaka kwalbati, ko da ta fi nisa. Malami ɗaya gaba, ɗaya baya riƙe da rajista cikin leda. A can a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga kawuna yaudara ce, yara ba sa tsayawa wuri guda. Wata rana ka ɓoye yaro a ofis ka ga ko za a lura. A maimaita ba sanarwa har surutun ya mutu.

Na biyar, dokoki kaɗan da za su haddace. Ba a shiga ruwa mai gudu: santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. A sa musu alama a jikin sanda su gani. Takalmi ko akuya in ruwa ya ja, a bar masa. Ba a taɓa wayar lantarki da ta faɗo. Ba a fakewa jikin katangar ƙasa da ta jiƙe, ko ƙarƙashin bishiya ana tsawa. Lambar gaggawa 112 ce, amma kowa ya haddace ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa.

Don Allah kada a nuna musu bidiyon gawarwaki daga WhatsApp. Yaron da aka firgita daskarewa yake yi.

Na shida, bayan ruwa ya janye sai kwalara, don masai ya haɗu da rijiya. A tafasa ruwan sha. A haɗa ruwan gishiri da sukari a gabansu: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shafaffe ba tsororo ba. Mai gudawa yana sha ana tafiya da shi asibiti.

Aikin gida guda ne: kowa ya kai iyayensa tudun, ya dawo ya faɗi inda gidansu za su haɗu in ruwa ya zo da dare.