TASA MAI AMO DA DA'AWAR WARKAR DA RUHI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata sana'a da ta yaɗu a Amurka da Turai, har tallarta ta iske Musulmi ta wayoyin hannu. Watau a kwantar da mutum, a kewaye shi da tasoshin tagulla, a riƙa bugunsu ko goga bakinsu da ɗan sanda, su yi ta fitar da amo mai tsawo. Masu sana'ar suna cewa amon yana wanke ruhi, ya kori baƙin ciki, har ya warkar da ciwon jiki.

Ana jingina tasoshin nan ga ƙasar Tibet, alhali kuwa mafi yawansu a Nepal da arewacin Indiya ake ƙera su. Masu binciken tarihi ba su sami shaidar cewa mutanen Tibet na dā sun yi magani da su ba. Abin da aka sani shi ne irinsu kwanonin abinci ne a yankin Himalaya. A Sin da Japan kuwa, mabiya addinin Buddha sun daɗe suna buga wata ƙararrawa mai siffar tasa a ɗakunan bautarsu. Sunan tasar ya fara tashi a Amurka bayan 1972, shekarar da Henry Wolff da Nancy Hennings suka fitar da faifan kiɗa mai suna Tibetan Bells. Daga bisani aka raɓa mata labarin cewa da ƙarafa 7 aka narka ta: zinariya, azurfa, zaiba, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, kuza da darma, kowanne wai yana da tauraronsa a sama. Aka kuma ce amonta yana buɗe wasu cibiyoyi 7 na ɓoye a jikin mutum, aƙidar da aka aro daga addinan Indiya. Waɗanda suka gwada ƙarfen kuwa, galibi jan ƙarfe da kuza suka samu.

To, malamai sun kasa sababin waraka gida biyu. Akwai sababin da shari'a ta tabbatar, kamar addu'a da ruƙiyya da Alƙur'ani. Akwai kuma wanda jarrabawa ta tabbatar, kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ɗorin karaya. Abin da ba shi da hujja ta ɗayan hanyoyin nan biyu, bai halatta Musulmi ya rataya zuciyarsa gare shi ba.

Ta fuskar jarrabawa, babu mai musun cewa sauti yana aiki a jikin ɗan Adam, ga shi uwa da rarrashi take sa jariri barci. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi dogon bayani a kan tasirin sautuka ga rai. A asibitin da Sarki Bayazidu na 2 ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya, aka gama a 1488, an riƙa kwantar da hankalin masu taɓin ƙwaƙwalwa da kiɗa da ƙarar ruwa. A 1980 likitoci a birnin Munich na Jamus suka fara farfasa tsakuwar ƙoda da bugun sauti mai ƙarfi, ba tare da fiɗa ba. Game da tasar ita kanta, wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 a kan mutum 62 ya nuna sun ji damuwarsu ta ragu bayan zaman, sai dai ba a gwada su da wasu da suka kwanta shiru ba tasa ba, balle a san ko amon ne ya yi aikin ko hutun. Iyakar abin da za a iya cewa ke nan, mutum yana iya samun sauƙin gajiya. Babu shaidar cewa tasa ta warkar da sankara ko ciwon sukari.

Ta fuskar shari'a kuwa, ruhi al'amari ne na gaibu, ba a saninsa sai ta hanyar wahayi. Alhafizu Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, ya kawo a Fathul Bari sharuɗɗa 3 da malamai suka haɗu a kansu na halaccin ruƙiyya: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, ta kasance da Larabci ko abin da aka fahimci ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa ba ita ke warkarwa da kanta ba, sai da ikon Allah. Amon tasa bai cika na farko ba, bai cika na biyu ba, masu tallarsa kuma sun rushe na uku, tun da sun ba ƙarfe da taurari ikon da Allah kaɗai ke da shi. Wanda ya san yadda 'yan bori ke kiran iskoki da garaya da goge don girka marar lafiya, ya san wannan tsohuwar hanya ce ta sake riga.

Saboda haka lalle ne mai karatu ya rarrabe. Wanda ya saurari sauti mai daɗi don ya huta, maganarsa ta koma ga saɓanin malamai a kan kayan kiɗa, wannan kuwa babi ne daban. Wanda ya kwanta ƙarƙashin tasa yana mai gaskata cewa za ta tsarkake ruhinsa, ya taɓa tauhidinsa. Wanda kuma ya bar asibiti saboda ita, alhali hawan jini ko ciwon damuwa na cinsa, ya jefa ransa cikin haɗari, ya yi asarar dukiyarsa. Mai ƙuncin zuciya ya lazimci karatun Alƙur'ani da sauraronsa, da zikirin safe da yamma, ya kuma je wurin likita, domin neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya tsare imanin Musulmi. Allah ne Mafi sani.