Ma'anonin "Wuta" a Garejin Dakata: Nazarin Matakan Gano Matsalar Tsarin Kunna Inji a Motocin da Aka Yi wa Sauyi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gano matsalar tsarin kunna inji a motar da aka sauya wa kayanta na asali, tare da harshen da ake gudanar da aikin da shi a garejojin Dakata da ke Kano. Ta nuna cewa kalmar "wuta" tana ɗauke da ma'anoni uku a bakin kanikawa, kuma rashin tantance wadda ake nufi yana cikin dalilan da ke sa a sauya kaya masu lafiya a bar ainihin matsalar.

1.0 Gabatarwa

Dakata unguwa ce a ƙaramar hukumar Nasarawa, maƙwabciyar rukunin masana'antu na Bompai, mai cike da ƙananan masana'antu da garejoji. Da yawa daga motocin haya da na dakon kaya da ake gyarawa a nan sun daɗe da rabuwa da tsarin da kamfani ya fito da su. Sauyin iri uku ne. Na farko, cire kwantak daga tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya harhaɗa tun daga 1975, a maye gurbinsa da na'urar lantarki. Na biyu, ɗora wa mota injin da ba nata ba, ko mayar da mai injekta ta koma kafireto. Na uku, mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda ya samu karɓuwa bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kowane ɗaya yana taɓa tsarin kunna inji, kuma kwana guda da mota ta yi a gareji asarar abincin gida ne ga direbanta.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Tsarin kunna inji da batir ya samo asali daga aikin Charles Kettering na Amurka, wanda motocin Cadillac suka fara amfani da shi a 1910. Batir yana ba da lantarki mai ƙarfin bolt 12. Wannan lantarki yana ratsa naɗin waya na farko a cikin kwayil. Da zarar an katse shi farat ɗaya, naɗi na biyu sai ya haifar da ƙarfin da ya kan haura bolt 15,000. Distiributa ke rarraba wannan ga filogai bi da bi, kowane filogi ya yi tartsatsin da zai kunna cakuɗen mai da iska.

A tsohon tsari kwantak ne ke yin katsewar, kuma yana cinyewa da aiki. A sabon tsari, wanda kamfanin Chrysler ya sanya a dukkan motocinsa na Amurka a 1973, na'urar lantarki ce ke katsewa ba tare da wani ƙarfe ya gogi wani ba. Irin wannan na'ura ce ake saya a kasuwanni kamar ta Ƙofar Ruwa a ɗora wa motar da ba a ƙera ta da ita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mahaɗar tsohon kaya da sabo ita ce tsagar da yawancin matsaloli ke shigowa ta nan.

3.0 Ma'anoni Uku na "Wuta"

Idan bakanike ya ce "babu wuta", yana iya nufin ɗaya daga abubuwa uku:

(a) Wutar batir: ƙaramin lantarkin da ke isa kwayil idan an murɗa makulli.
(b) Wutar filogi: babban lantarkin da ke fita daga kwayil ya zama tartsatsi.
(c) Wutar ƙonewa: kamawar mai a cikin silinda, wadda ta dogara da zuwan tartsatsi a kan lokaci.

Ta farko ce ke haifar da ta biyu, ta biyu ta haifi ta uku. Saboda haka bincike mai inganci yana bin su ne a wannan jeri.

4.0 Matakan Bincike

4.1 Wutar Batir

Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin da ake tayar da inji. Daga nan sai a auna abin da ke isa kan kwayil. Motoci da yawa na zamanin kwantak suna da rizista a hanya, wanda ke rage lantarkin zuwa tsakanin bolt 7 da 9. Idan aka jona sabuwar na'ura bayan wannan rizista, alhali cikakken bolt 12 take buƙata, mota za ta riƙa mutuwa a silo ko ta ƙi tashi da safe. Haka kuma a duba wayar da ke mayar da lantarki jikin mota. Tsatsa ko sabon fenti a mazauninta ya isa ya sa na'ura mai lafiya ta yi kamar ta mutu.

4.2 Wutar Filogi

Kwayil kala-kala ne ko da kamanninsu ɗaya. Na tsarin kwantak marar rizista yana da turjiyar kusan om 3, mai rizista kusan om 1.5, na wasu tsare-tsaren lantarki kuwa bai kai om 1 ba. Lissafin a bayyane yake: bolt 12 a kan om 3 amfiya 4 ne, amma a kan om 0.6 amfiya 20 ne. Na'urar da aka ƙera don ta farko za ta ƙone idan aka haɗa ta da ta biyu. Mai mota zai sayi wata, ita ma ta ƙone, a ɗora laifin kan jabun kaya, alhali kwayil ne bai dace ba.

Idan mota tana mutuwa bayan ta yi zafi, ta kuma tashi bayan ta huce, a zargi na'urar ko kwayil, musamman a watan Afrilu da zafin Kano kan haura digiri 40. Sau da yawa an ɗaura na'urar ne kusa da bututun hayaƙi, ko an manta da man da ake shafawa a bayanta domin ya kai zafi ga ƙarfen da take zaune a kai. Al'adar zare wayar filogi a riƙe ta nesa da jikin inji don ganin tsawon tartsatsi ta dace da zamanin kwantak. A sabon tsari tana iya lalata na'urar, tana kuma iya jan mai riƙon.

4.3 Wutar Ƙonewa

Tartsatsi na iya kasancewa lafiya lau amma ya zo ba a lokacinsa ba. Yawancin injuna masu silinda huɗu suna bin jerin 1-3-4-2, amma Volkswagen Beetle tana bin 1-4-3-2. Injinan Faransa da dama kuma ana fara ƙirga silindarsu ne daga ɓangaren giyabos. Wanda ya ɗora baƙon inji bai lura da wannan ba zai jera wayoyi a karkace. Bayan kowane sauyi wajibi ne a sake daidaita taimin. A motar da aka mayar ta CNG lamarin ya fi tsanani, domin gas ya fi fetur wuyar kamawa da jinkirin ci. Yana buƙatar tartsatsi mai ƙarfi wanda ke zuwa da ɗan wuri. Filogin da ke aiki sumul da fetur sai ya gaza da gas, inji ya riƙa harbi ta baya, a zargi kayan gas ɗin.

5.0 Abin Lura ga Nazarin Hausa

Ana iya fitar da abubuwa biyu daga wannan bayani. Na farko, sunayen sassa kusan duk na aro ne daga Ingilishi, an kuma lanƙwasa su bisa tsarin sautin Hausa. A "filogi", alal misali, /p/ ta koma /f/, an ratsa wasali tsakanin baƙaƙe biyun farko, an ƙara wani a ƙarshe. Amma bayanin alamomi da fi'ilan Hausa ake yin sa, irin waɗanda ake siffanta mai rai da su: mota ta tashi, ta mutu, tana tari, tana shan mai, ba ta ja. Suna baƙo ne, amma tunanin da ke gano cuta na gida ne.

Na biyu, faɗaɗa ma'anar "wuta" ya wadatar a lokacin da kwantak ke jure kowane irin kuskure. Na'urar lantarki ba ta da wannan haƙuri. Yaron gareji yana koyon sana'a ne da ji da gani, kuma idan maigidansa ya ce "duba wuta" bai fayyace ba, abin da ya saba dubawa shi zai duba. Hausa tana da abin da za ta raba ma'anonin da shi ba tare da sabon aro ba: "lantarki" ga ta farko, "tartsatsi" ga ta biyu, "kamawa" ga ta uku.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matsalar kunna inji a motar da aka yi wa sauyi ta fi samuwa a inda tsohon kaya ya haɗu da sabo, kuma ana gano ta ne ta bin wuta uku a jere, ana aunawa kafin a sauya komai. Tana ba da shawarar cewa masu tsara ƙamusun fannoni da masu rubuta littattafan koyar da sana'a da Hausa su fara da tattara kalmomin garejoji irin na Dakata, sannan su daidaita waɗanda ma'anarsu ta yi yawa, tun da yake sauya motoci zuwa gas zai ƙara yawan masu buƙatar wannan ilimi.