Kujeru huɗu a titin Elm: bashin da ke kanmu tun 1960

'Yan uwa maza da mata, darasinmu na wannan karo bai fita daga garin da muke zaune ba. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta gaban tsohon kantin Woolworth da ke titin Elm a tsakiyar Greensboro, wanda ya zama gidan tarihi tun 2010. Ina so in nuna cewa abin da ya faru a ginin nan yana da hannu a zuwanmu Amurka, da aikin da muke ci da iyali da shi, har da hijabin da 'ya'yanmu ke sawa a wurin aiki.

Ranar Litinin, 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata 'yan ajin farko na kwalejin A&T suka shiga kantin: Ezell Blair, Franklin McCain, Joseph McNeil da David Richmond. Suka sayi 'yan kayayyaki, suka karɓi rasit, sannan suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa farar fata, suka nemi kofi. Aka hana su. Ba su yi zagi ba, ba su tashi ba, har aka rufe kantin. Washegari suka dawo da 'yan uwansu sama da ashirin, kafin mako ya ƙare sun zama ɗaruruwa, ciki har da ɗalibai mata na kwalejin Bennett. Cikin wata biyu irin wannan zama ya bazu zuwa garuruwa fiye da hamsin. Blair daga baya ya musulunta, ya koma Jibreel Khazan.

Abin da ya karya taurin kan masu kantin shi ne aljihu. Baƙar fata suka ƙaurace wa sayayya, ciniki ya faɗi, asara ta kusan kai dala 200,000. Ranar 25 ga Yuli 1960 aka buɗe kujerun ga kowa, kuma ma'aikatan kantin baƙar fata ne suka fara cin abinci a kai. Kwana tara bayan haka, 3 ga Agusta, Nijar ta sami 'yancin kai, Nijeriya ta biyo baya ranar 1 ga Oktoba. A shekara guda iyayenmu a gida da mutanen nan suke neman mutuncinsu.

Zaman titin Elm na cikin abubuwan da suka iza gwagwarmayar da ta haifi dokoki uku. Ta farko ita ce dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta haramta wariya a wuraren cin abinci da masaukai, ta kuma hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda launi, addini, jinsi ko ƙasar asali. Bayanta ne masaƙun Karolina, waɗanda a da ba su cika bai wa baƙar fata komai ba sai shara da dako, suka fara ɗora su a kan injina. Da dokar nan kuma Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2015 a shari'ar Samantha Elauf, Musulmar da wani kamfanin tufafi ya ƙi ɗauka aiki saboda hijabinta, kuma ta yi nasara.

Ta biyu ita ce dokar 'yancin zaɓe ta 1965. A 1956 an hana Henry Frye, wanda ya gama A&T, yin rajistar zaɓe da sunan ya faɗi jarrabawar karatu. A 1968 aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha daga Greensboro, a 1999 ya zama alƙalin alƙalan Karolina ta Arewa.

Ta uku ita ce ta fi shafarmu: dokar shige da fice da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Oktoba 1965. Tun 1924 ana raba izinin shigowa ne bisa ƙasar asali, Turawan arewaci da yammacin Turai su kwashe kaso mafi tsoka, a bar wa ƙasar Afirka abin da yawanci bai wuce mutum 100 a shekara ba. Ƙasar da ta haramta wariya a cikin gida ta kasa ci gaba da kare ta a bakin iyaka, sai aka soke tsarin. Cacar biza da ta kawo da yawa daga cikinmu ta zo ne da dokar 1990, a kan wannan tubali.

To, mene ne darasin? Addininmu ya koyar da mu cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Abin takaici ne in ji ɗan uwa da ya zo jiya yana raina baƙaƙen fatar ƙasar nan, alhali a inuwar da iyayensu suka sha rana suka dasa yake hutawa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicinmu shi ne mu girmama su a unguwa da masallaci da wurin aiki, mu kai yaranmu gidan tarihin su ga kujerun da idonsu.

Sannan mu sani cewa haƙƙin da ba a tsare shi ba yana zaizayewa. A 2013 majalisar jihar nan ta yi dokar da ta tsaurara sharuɗɗan zaɓe, sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke manyan sassanta saboda ta gano an auna baƙar fata da su. Wanda ya zama ɗan ƙasa a cikinmu ya yi rajista, ya fita zaɓe, tun daga na kansilolin gari. Wanda bai zama ba tukuna kada ya kusanci akwatin, domin laifi ne babba, amma ya lura da inda yake kashe dalarsa, tunda ita ma tana magana.

Allah Ya sa mu cikin masu godiya da riƙon amana, Ya shirya mana zuriya a ƙasar baƙunta. Wassalamu alaikum.